In an damƙa maka riƙon dukiyar marayu, ga yadda za ka bi da ita

Mutum ya rasu ya bar gida da shago da yara ƙanana, sai ka ji an ce kai ya yi wasiyya da kai, ko alƙali ya naɗa ka ka riƙe musu. To kar ka ɗauka girma aka ba ka, kaya ne aka ɗora maka, dukiyar tana hannunka amma ko sisi ba naka ba ne.

Fara da bashi tukuna. A shari'a tsarin a bayyane yake: kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan gado, ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun maimaita maganar bashin nan. A sanar tun wajen zaman makoki cewa duk mai bin marigayi ya zo. Amma fa ba kowa da ya ce yana bi za ka miƙa wa kuɗi ba, ya kawo takarda ko shaidu, in abin ya kai gaban alƙali ma yakan sa shi rantsuwa bayan shaidun tunda mamaci ba ya nan balle ya musa. In kuwa ka san da bashi ka yi gaban kanka ka raba, masu bin bashi kai za su kama.

Sai ka raba kuɗin yaran da naka, nan ne yawancin mutane ke faɗawa rami wallahi. Buɗe musu akawun daban a banki, kuɗin haya ya shiga can, kuɗin makaranta da na asibiti su fita daga can, ka ajiye rasit, ka samu littafi kana rubutawa. Amfanin wannan ya wuce gudun zargi. Ko a dokar amana irin ta Ingila da kotunan Najeriya suka gada, in kai mai riƙo ka ci bashi, masu binka ba su da ikon taɓa dukiyar amana, to amma in ka cakuɗa su a akawun ɗaya, ranar da kotu ta sa a rufe akawun ɗin da me za ka nuna wanne ne na marayu?

Kar ka sayi kayan amanar da kanka, ko da farashin kasuwa ne, kar ka ranta wa kanka jari da sunan "zan mayar". Juya kuɗin kam ana so, don a mazhabar Malikiyya akwai zakka a kan dukiyar maraya, in ta zauna haka nan zakkar ce za ta riƙa cinta, amma a sa a abin da aka sani, ba irin harkar nan ta zuba dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari biyu ba. In dole sai an sayar da gida ko fili, je wajen alƙali ya ba da izini a rubuce, in kuma mai C of O ne, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna, nemi lauya.

Wani abu kuma, masu dabarar in bashi ya yi musu katutu su yi wuf su mayar da gida da sunan 'ya'yansu ko su ce wakafi ne, kar ka yarda a sa ka riƙon irin wannan. Kotu na iya warware shi, malaman fiƙihu ma sun ce wanda bashi ya cinye dukiyarsa masu binsa na iya hana shi kyauta.

In yaro ya balaga, gwada shi da ɗan kaɗan ka ga hankalinsa, in ya iya riƙo ka miƙa masa nasa gaban shaidu kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce, haɗe da littafin lissafin da takardun banki, ya sa hannu ya karɓa, kai ma ka riƙe kwafi.