Yadda ake rufe ƙarƙashin bakin kwano da allon siminti a tsohon gida

A garin Tahoua yawancin sababbin gidaje ana ɗaga musu bango ya zagaye rufi har ba a hango kwano daga titi, amma tsofaffin gidajen ma'aikata, da azuzuwan makarantu, da wasu gidajen da aka gina shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, kwanonsu yana zarce bango da rabin mita ko fiye. Wannan zarcewa tana da amfani, domin tana yi wa bango inuwa a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana kuma rage dukan da ruwan sama ke yi wa yaɓe. Matsalar tana ƙarƙashin bakin kwanon. Idan wurin a buɗe yake, ko kuwa siririn katakon da aka rufe shi da shi tun asali ya ruɓe ya zazzago, to ta nan jemagu da tantabaru ke shiga su tare a saman silin, ta nan ƙurar hunturu ke cika rufi, kuma ta nan iskar hadari ke samun hanyar kutsawa ta ɗaga kwano daga ciki.

Allon siminti mai zare ya dace da wannan wuri saboda gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi, kuma danshi ba ya ruɓar da shi. Ana yin sa ne da siminti da niƙaƙƙen yashi da zaren itace da ruwa, a matse su su zama faranti. Girman da aka fi samu shi ne mita 1.22 a faɗi da mita 2.44 a tsawo, ko 1.20 da 2.40, kaurinsa kuma daga milimita 4 zuwa sama. Don aikin waje shawarata ita ce a ɗauki mai milimita 6, duk da cewa mai milimita 4 ya fi araha kuma shi mai shago zai fara miƙowa, domin siririn yana saurin lanƙwashewa tsakanin sanduna kuma yana fashewa a bakin ƙusa. Faranti ɗaya mai milimita 6 yana kai wa kilo 24 ko sama da haka kaɗan, don haka aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a san abin da za a cire. Wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ne ya ƙirƙiro wannan nau'in allo wajen shekarar 1900, kuma na farkon da zaren asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, ake haɗa shi, wanda daga baya aka tabbatar ƙurarsa tana haddasa cutar daji da taurin huhu, shekaru masu yawa bayan an shaƙe ta. Masana'antu sun fara komawa zaren itace a shekarun 1980, Faransa ta haramta asbestos a 1997, Tarayyar Turai kuma a 2005. Ma'anar wannan ga mai tsohon gida ita ce, idan abin da ke ƙarƙashin bakin kwanonsa tsohon allo ne mai launin toka wanda ba a san shekarunsa ba, to a ɗauka yana da asbestos. Kada a fasa shi da guduma, kada a sa masa injin yanka, kada kuma a share garinsa da tsintsiya. A jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshinsa a hankali, a sauke shi ɗungurungum, a naɗe cikin leda mai kauri, kuma kada a bar gutsattsarinsa a tsakar gida yara su mai da su allon rubutu.

Da zarar an buɗe wurin, sai a tsaya a yi duba na tsanaki, domin duk abin da aka rufe yau ba za a sake ganinsa ba sai ya ɓaci. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, cikin Oktoba ko Nuwamba, saboda shatin ruwa yana nan baƙi a jikin katako yana nuna inda kwano ke yoyo. A soka bakin sukundireba a ƙarshen kowane katakon rufi. Idan ya nutse ba tare da an danna ba, ko aka ga hanyar jar ƙasa ta gara ta bi jikinsa, wannan katako ya mutu, sai a yanke ɓangaren da ya lalace a haɗa masa sabo ta gefe da noti, ko a canza shi gaba ɗaya. A duba ƙusoshin kwano da suka ɗago, a duba waya ko rodin da ya ɗaure rufin da bango, a ƙara ɗauri inda ya saki. Haka nan, a tsofaffin gidaje wayar lantarki daga turken NIGELEC sau da yawa ta ƙarƙashin bakin kwano take shigowa, don haka a kira mai gyaran wuta ya kashe ta, ya sa wayoyin cikin bututu, kafin kafinta ya hau.

Yanzu ga inda aikin yake, wato firam ɗin da allon zai kwanta a jikinsa. Tsohon gida ba ya da layi madaidaici: bango ya ɗan kumbura a nan, katakon rufi ya sunkuya a can, wata kusurwa ta fi wata sauka da yatsa biyu. Katako yana bin karkata ya lanƙwasa, amma allon siminti ba ya yin haka, idan aka tilasta masa sai ya tsage, ko ranar ko bayan wata guda. Saboda haka ba a buga shi kai tsaye a jikin tsofaffin katakai. Ana nemo wurin da ya fi kowane sauka a kewayen gidan, a sa alama, sannan a zagaya da wannan alama zuwa dukkan kusurwoyi da siririn tiyon ruwa irin na magina, wanda ya fi ƙaramin ma'aunin hannu gaskiya a tazara mai tsawo. A ja zare mai shuni tsakanin alamomin a buga layi a bango. Wannan layi shi za a bi, ko da ido na cewa ya karkace, domin gidan ne ya karkace.

A kan layin ake kafa doguwar sanda a jikin bango, a kafa wata a bayan katakon goshi, wato wanda ya rufe ƙarshen katakan rufi ta gaba, sannan a gitta gajerun sanduna tsakaninsu. Tazarar gajerun kada ta wuce santimita 60 ga allo mai milimita 6, kuma a wurin da iska ke da ƙarfi kamar nan Adar, wato yankin Tahoua, santimita 40 ta fi kwantar da hankali. Duk inda faranti biyu za su haɗu dole a sami sanda mai faɗin da zai ɗauki bakin kowanne. A kusurwar gida kuma ana gitta sanda a karkace daga kusurwar bango zuwa kusurwar goshi, a yanka allunan biyu su haɗu a kanta. Katakon goshi ya sauko ƙasa da fuskar allon da santimita biyu, don ruwan da ya gangaro ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ƙarƙashi ya koma bango.

Akwai abin lura game da bangon kansa. Idan na bulon siminti ne, sai a huda a sa toshin roba a ɗaure sandar. Amma gidaje da yawa a Tahoua na tubalin ƙasa ne da aka yi wa yaɓen siminti a waje, kuma irin wannan bango ba ya riƙe toshi; yau ya kama, gobe ya fito da ɓawon yaɓen. A nan dabara ita ce a rataye firam ɗin daga katakan rufi da gajerun sanduna masu saukowa, bango ya zama abin jingina kawai ba mai ɗaukar nauyi ba.

Game da abin da za a yi firam ɗin da shi, wanda ke da hali ya sa mai walda ya haɗa masa da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, na milimita 30 ko 40, a shafa masa jan fentin hana tsatsa, musamman a wuraren walda. Wanda zai yi da katako ya tabbata busasshe ne, ya kuma shafa masa maganin gara na gaskiya. Kafintoci da yawa sun saba shafa baƙin man mota, to amma a wannan aiki man yana ratsa allon ya fito ta fuskar fenti a matsayin tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya rufuwa.

Ba a yanka alluna duka a awo ɗaya. A auna faɗin bakin kwanon a kowace mita, a rubuta a jikin bango, a yanka kowane faranti daidai da gurbinsa, a rage masa milimita uku zuwa biyar don ya shiga ba da dole ba. Faranti mai faɗin 1.22 yana ba da tsiri biyu idan zarcewar ba ta wuce santimita 60 ba, ko uku idan 40 ce, kuma da wannan ake lissafin adadin da za a saya, a ƙara ɗaya ko biyu saboda kusurwoyi da karyewa. Yanka mafi lafiya shi ne a aza miƙaƙƙiyar sanda, a ja wuƙa mai bakin ƙarfe mai tauri sau uku ko huɗu a kan layi, sannan a ɗaga gefen a karya. Injin yanka mai faifai yana da sauri, kuma shi yaran aiki suka fi so, amma farar ƙurar da yake tayarwa garin yashi ce da ke zama a huhu ba ta fita. In ya zama dole a yi amfani da shi, a yi a fili, iska tana kaɗawa nesa da mutane, mai yankan yana sanye da takunkumi mai lambar FFP2 ko FFP3, domin rawani ko ƙyalle ba ya tare wannan ƙura. Allunan kuma a ajiye su kwance a wuri mai daidai, a inuwa, a busashe, in za a ɗauka a ɗauke su a tsaye ta gefe, don in aka ɗauka a kwance tsakiyarsu na iya karyewa.

Kafin a ɗaga allo na farko a yanke shawarar hanyar iska, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Mai gida yana murna an toshe ko'ina ƙura ta daina shiga, sai bazara ta zo ɗaki ya zama tanda, saboda zafin da kwano ya tara ba shi da mafita. Ƙa'idar gini ta Amurka ta ce buɗaɗɗen wurin iska ya kai kashi ɗaya cikin 150 na faɗin silin, kuma ma'auni ne mai kyau a kama da shi. Gida mai murabba'in mita 90 ke nan yana buƙatar kimanin murabba'in mita 0.6 na ƙofofin iska, a rarraba su a ɓangarorin da ke fuskantar juna don iska ta shiga ta nan ta fita ta can, in an sami wata mafita a sama kusa da ƙololuwar rufi ya fi. A yanka ƴan tagogi a jikin allon, a rufe su ta ciki da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu wadda jemage da rina ba za su ratsa ba, a kuma ƙara girmansu kaɗan tun da ragar kanta tana cin wani ɓangare na buɗewar. A ɓangaren gabas da arewa, inda hunturu da hadari suka fi bugowa, ana iya rage yawansu a ƙara a sauran ɓangarorin.

Wajen ɗaurawa a kafa dandamalin katako mai ƙarfi, domin ba a riƙe faranti sama da kai a kan tsani. Mutum biyu su ɗaga, na uku ya ɗaure, ko a tokare da sanda mai gicciye a kai. A fara daga kusurwa, a fara ɗaurin kowane faranti daga tsakiya zuwa gefuna don ya kwanta ba tare da ciki ba. Sukuru ya fi ƙusa a aikin sama da kai, saboda bugun guduma yana girgiza tsohon rufi kuma kuskure ɗaya yana fasa allon. A zaɓi wanda ba ya tsatsa, idan firam ɗin ƙarfe ne a nemi mai huda da kansa. Kowane sukuru ya nisanci baki da aƙalla milimita 12, ya nisanci kusurwar faranti da milimita 50, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta zama santimita 20 a gefuna da 30 a tsakiya. Kansa ya tsaya daidai da fuskar allon. Idan ya nutse ciki ya ci rabin kaurin, to ba ya riƙe komai, sai a sa wani kusa da shi a cike ramin.

Tsakanin faranti da faranti a bar tazarar milimita uku, kaurin ƙaramar ƙusa ke nan, domin allon yana ɗan buɗewa da danshin Agusta ya kuma tsuke da bushewar Maris, ƙarfen da ke bayansa shi ma yana motsi da zafi. A cike tazarar da mastik mai laushi wanda fenti ke kamawa, ko a rufe ta da siririyar sanda. Kada a cike ta da kwaɓin siminti ko filasta, za ta tsage kafin shekara ta zagayo. Inda allo ya haɗu da bango kuma, siririyar sanda ce ke ɓoye rashin daidaiton tsohon yaɓe.

A goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe, a shafa fentin share fage wanda ya dace da siminti, har da bakunan da aka yanka, sannan a bi da fentin ruwa na waje sau biyu. Fentin mai ba ya jituwa da siminti, yana ɓarewa. Fari ko wani launi mai haske ya fi, saboda yana mayar da haske cikin tagogi kuma yana saurin tona yoyo. Bayan ruwan farko mai ƙarfi na watan Yuni ko Yuli a zagaya gidan a ɗaga kai: duk inda aka ga tabon danshi a fuskar allon, a kwance sukurorin wannan faranti kaɗai, a sauke shi, a gyara kwanon da ke samansa, a bar katakon ya bushe sannan a mayar.