Yadda Za Ka Ga Abin da Ke Riƙe Kan Kaza, da Reza da Wayar Hannu

Ni malamin bayoloji ne a wata makarantar kuɗi a Agege, Legas. Ɗakin gwajinmu, in har za a kira shi haka, tebur biyu ne da famfon da ya manta da ruwa. Shi ya sa duk abin da zan koyar game da ƙwaƙwalwa a kasuwa nake sayo shi. Wannan darasin na sha yin sa da 'yan aji biyar, na kuma yi wa 'ya'yana a tsakar gida ranar wata Lahadi. Kayan aikin su ne kaza mai rai, kan kaza yankakke, sabuwar reza, ƙaramin almakashi, matsefata, da wayar da ke iya rage gudun bidiyo.

Fara da mai ran. Ka samu kaza mai sanyin hali wadda ta saba da hannu, ka tallafe ta da hannu biyu, fukafukai manne da jiki, kada ka matse mata ƙirji. Sai ka matsar da jikin a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan, sama, ƙasa, ka ɗan karkata shi. Jiki zai bi hannunka, kai kuwa ya ƙi. Zai tsaya cak a iska kamar an kafe shi da ƙusa, wuya ne kawai ke miƙewa yana tankwashewa. Sai ka kusa ƙure tsawon wuyan sannan ta fizgo kan ta dasa shi a sabon wuri. Ƙasusuwan wuyan kaza 14 ne, namu 7, ga shi idonta ba ya yawo a cikin gurbinsa kamar namu. Aikin da mu muke yi da ƙwayar ido, ita da wuya take yin yawancinsa.

Daga nan sai tattabara. Watsa gero a gaban ƙofar ƙarfe mai sanduna a tsaye, ka jingina wayar da bulo. Kada ka riƙe ta a hannu, rawar hannunka za ta ɓata komai. Ɗauki tattabarar tana tafiya ta gefe, sannan ka kalli bidiyon a hankali, idonka a kan bakinta da sanda ɗaya. Kowa ya ɗauka tattabara gaba da baya take kaɗa kai. Ni ma haka na ɗauka, alhali a gidan mai kiwon tattabaru na tashi. Bidiyon zai ƙaryata ka. Kan ba ya komawa baya ko kaɗan: tsayawa yake yi daidai da sandar, jiki ya biyo ya tarar da shi, sai ta harba shi gaba ya sake tsayawa. Balbelun da ke yawo wajen mayankar Oko-Oba ma haka suke yi. Agwagwa ba ruwanta.

A 1978 wani masani a Kanada, Barrie Frost, ya ɗora tattabaru a kan injin tafiya irin na ɗakin motsa jiki. Ƙafa tana tafiya, amma bango bai gusa ba, sai suka daina harba kan. Ashe umarnin daga ido yake zuwa.

Kafin ka ɗauki reza, ka tuna wani abu da ya taɓa samun duk wanda ke shiga danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas. Kana zaune a cunkoson Oshodi, motarku a tsaye, sai doguwar bas ta gefenku ta fara gangarawa gaba, nan take ka ji kamar ku ne kuke zamewa baya, har ka kai hannu ka dafa kujera. Idan abu ƙarami ya gilma, ƙwaƙwalwa ta ce abin ne ya motsa. Idan kuwa duk abin da ido ke gani ya zame tare, sai ta ce kai ne ka motsa. Wannan zamewar duniya gaba ɗaya ita nake ce wa ɗalibaina kwararar gani, kuma ita ce tsuntsu ke kashewa duk lokacin da ya kafe kansa, don hoton da ke faɗawa a bayan idonsa kada ya yi dishi-dishi.

Yanzu kan yankakke. Je wurin masu yankan kaji da safe, kafin rana ta yi. Ni nakan ce wa mutumina, wani dattijo Bakatsine, “Baba, a bar mini guntun wuya a jiki,” shi kuma ya ce, “Malam, yau ma 'yan makarantar ne za su ci kai?” Guntun wuyan nan yana da muhimmanci, don abin da muke nema a ƙeya yake, wuƙar da ta hau sama da yawa takan tafi da shi. Nemi kazar gidan gona, ƙoƙon kanta bai gama ƙwari ba. Tsohon zakara zai wahalar da kai, zabo kuwa da kwalkwalinsa yake zuwa. In lokacin Kirsimeti ne, da talotalo ya cika kasuwannin Legas, kansa ya fi duka don ya fi girma. Kada ka taɓa kazar da ta mutu da kanta. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006. Sayi kai uku, na farko ɓata shi za ka yi.

Kada ka buɗe shi ɗanye. Na gwada a karon farko a gaban aji, ƙwaƙwalwar ta narke mini a yatsu kamar koko, yara suka yi ta dariya. Tafasa shi a hankali kamar minti goma, ka bar shi ya huce sarai. Kuma ka sanar da mutanen gida, domin akwai ranar da na dawo daga masallaci na tarar uwargida ta juye kawunan darasina a miya.

Saɓule fatar. A ƙeya, inda wuya ya haɗu da kai, akwai rami. Zura bakin almakashi a ciki, ka manna shi da ƙashi ba da nama ba, ka yanka gaba ta gefen dama har saman ido, ka maimaita ta hagu. Ɗaga murfin da matsefata, kana ɓantarar ƙashin kaɗan-kaɗan kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Za ka ga ƙulluka biyu masu santsi a gaba, su ne babbar ƙwaƙwalwa. A ƙasa ta kowane gefe akwai wani ƙullin zagayayye, nan ne yawancin saƙon ido ke sauka, shi ke lura da ƙananan abubuwa masu gilmawa, ƙwaro ko inuwar shirwa. A baya can, a tsakiya, ga wata aba mai layi-layi a kwance kamar bayan gwazarma, ba ta wuce ƙwayar gurjiya ba. Ita ce ƙwaƙwalwar ƙeya, wadda littattafai ke kira serebelum.

Raba ta biyu da reza daga gaba zuwa baya, daidai tsakiya, jan reza ɗaya ba gurzawa. Kai ta inda haske yake, ka ƙara girman da kyamarar waya. Farar bishiya za ka gani mai rassa, kowane reshe lulluɓe da toka-tokan nama. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Olof Larsell, shi ne ya lissafa waɗannan ninke-ninke zuwa goma, kuma lissafinsa ake bi har yau. Na ɗaya yana ƙasa ta gaba, ka zagayo ta sama, na goma yana ƙasa ta baya, ya kusa haɗuwa da na ɗaya. Kada ka damu in ka ƙirga sha biyu ko sha uku, wasu rassan sukan rabu biyu ko uku.

A cikin tokan nan akwai wani layi siriri da ido ba zai gani ba, na manyan ƙwayoyin jijiya masu suna Purkinje, sunan mutumin da ya fara bayyana su a 1837. Kowacce tana da rassa shimfiɗe kamar mafici. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen, a ƙwaƙwalwar ƙeyar tsuntsaye ya yi aikinsa na 1888 da ya nuna cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take yi, ya kuma sami kyautar Nobel a 1906. Ina son gaya wa yara wannan suna riƙe da kan kaza a faranti.

Sa bakin matsefata a ƙasan ninki na tara da na goma. Nan kwararar gani ke sauka, amma sai ta ya da zango a tashoshi biyu ƙanana a tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda ba za ka iya gani ba sai da madubin likita. Ƙwayoyinsu ba su damu da ƙuda ba, sai dai fili gaba ɗaya ya motsa. A tattabara, yawancin ƙwayoyin tashar farko sun fi amsa motsin da ya taso daga baya zuwa gaba, na biyun kuma sun ɗauki sama, ƙasa, da gaba zuwa baya. Daga can saƙo ya kama hanya biyu. Wani ya shige ƙwaƙwalwar ƙeya kai tsaye, wani ya biya ta wata tasha a gindin ƙwaƙwalwa, ya fito a matsayin zare guda da ke naɗe kowace ƙwayar Purkinje kamar yaɗon kabewa a danga.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon aikin, wanda Douglas Wylie na Jami'ar Alberta da abokan aikinsa suka daɗe suna bi a tattabaru. Tsakiyar waɗannan ninke biyu tana kula da tafiya miƙe: gaba, baya, tashi, sauka. Gefunan kuma suna kula da juyawa, wasu ƙwayoyi na juyin kai irin na mai cewa “a'a”, wasu na karkatar kai a kusurwar digiri 45 daga tsakiya. Waɗannan kusurwoyi sun zo daidai da yadda 'yan bututun nan uku masu ruwa suke kwance a cikin kunne, waɗanda ke jin juyawar kai ko a duhu. Ido da kunne da ma'auni ɗaya suke kawo rahoto, ƙwaƙwalwar ƙeya ta gwama, ta gyara umarnin da ke zuwa wuya da ido. Tun 1824 Pierre Flourens na Faransa ya nuna cewa tattabarar da aka cire wa ƙwaƙwalwar ƙeya tana gani, tana motsi, amma ba ta iya daidaita tafiya ko tashi. Masu kiwo ma sun san irinsa: 'yan tsakin da suka rasa sinadarin bitamin E sukan yi tangaɗi suna faɗuwa, don nan ne ciwon ke ci.

Gefunan nan masu kula da juyawa 'yan kunnuwa ne guda biyu da suka leƙo daga ƙasan ƙwaƙwalwar ƙeya, dama da hagu. Da wuya ka same su a jikinta a kan farko, domin kowanne yana cuse a wani ɗan rami a ƙashi, kuma ɗaya daga bututun kunne ya zagaye bakin ramin. In ka ja da ƙarfi sukan tsinke su zauna a can. Don haka kada ka jefa wa kyanwa ƙoƙon tukuna. Juya shi, haska cikinsa da fitilar waya, ka duba bangon gefe ta baya. A kai na uku, ka ɓantare ƙashin da ke bayan kunne tun kafin ka ɗaga ƙwaƙwalwar, ka tura bakin matsefata ta waje a hankali, sai su fito tare da ita.