Shawara Ga Masu Mayar da Tarihin Rayuwarsu Labari

'Yan uwa marubuta, duk wanda yake son mayar da rayuwarsa ƙagaggen labari, ya zaɓi kayan amfanin yau da kullum guda biyu ko uku tun kafin ya fara, sannan ya bar su su ɗauki nauyin abin da baki ba zai iya furtawa ba.

Camara Laye na ƙasar Gini ya yi haka a littafinsa L'Enfant noir na shekarar 1953, wanda ya gina a kan ƙuruciyarsa. Da yaron zai bar garinsu Kurusa zuwa makaranta a Konakiri, an ba shi kwalbar rubutun sha, wato wankin allon da malamai suka rubuta ayoyi aka haɗa da zuma, domin ƙara masa basira, mahaifinsa kuma ya ba shi ƙahon bunsuru mai ɗauke da layu. Kwalbar da ƙahon sun isa su nuna fargabar iyayen da ke miƙa ɗansu ga ilmin da ba su san iyakarsa ba. Daga baya, a jirgin da zai kai shi Faransa, taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ce a aljihunsa, mai karatu kuwa da kansa zai auna tazarar da ke tsakanin ƙahon da taswirar.

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne fassara alamar, wato faɗin abin da kayan da aka zaɓa suke nufi. Idan tsohuwar fitilar mahaifiyarku ce kuka zaɓa, ku nuna tsagewar gilashinta da hannun da ke datse lagwaninta, ku dawo da ita a wani babi bayan al'amura sun sauya, amma kada ku rubuta cewa tana nufin haƙuri.