Yadda dattijo zai fara gudu a hanyar gona don rage teɓa

1. Alhaji, fara zuwa asibiti a auna maka hawan jini da sukari. Wanda ya haura shekara 50 bai kamata ya tsallake wannan ba.

2. Fita bayan sallar asuba, kafin ranar Gusau ta yi zafi. Sa kambas mai kaurin ƙasa saboda ƙaya da tsakuwa.

3. Makon farko tafiya kawai, minti 20. Daga nan sassarfa minti 1, tafiya minti 2. In haki ya hana ka magana, sassauta. A gangara taƙaita taku, don nan gwiwa ke shan wuya.

4. Don Allah kada ka yi nisa da gari, kuma ku fita ku biyu saboda halin tsaro.

5. In ka dawo sha ruwa. Rage sukarin shayi da malmalar tuwon dare.