Babi na 7: Abin da Kirista Zai Yi Sa'ad da Tsoro Ya Kama Shi

Kayan aiki: Littafi Mai Tsarki na Hausa, fensir, takarda, da guntun zare mai tsawon taƙi ɗaya.

Darasi na 1: Nemo ayar da hannunka

'Yan'uwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, ranar 15 ga Afrilu 2023, babu gidan da tsoro bai kwana ba, daga Madani har Sinja da Gadarif. Wani ƙarar jirgi marar matuƙi ke hana shi barci, wata kuma ɗanta ne ya tafi shiru babu labari. Akwai ayar da ta dace da wannan hali, amma tsakar dare babu fasto kusa, don haka dole ka iya nemo ta da kanka. Ga yadda ake rubuta wurinta: Zabura 56:3.

Ɗora littafin a cinya, ɗaurinsa yana ta hannun hagu. Littafin boko ba ya buɗewa kamar na Larabci. Farkonsa yana hagu, karatun ma daga hagu yake tafiya zuwa dama. Buɗe shi daidai tsakiya, ka duba sunan da ke saman shafi: Za-bu-ra. In ka ga Ayuba, ba ka kai ba, ƙara gaba. In ka ga Karin Magana ko Ishaya, ka wuce, koma baya.

To, nan ne ake yawan tuntuɓe, sai a natsu. Tsakanin lambobin akwai ɗigo biyu. Lambar da ke hagun ɗigo ita ce sura. Lambar da ke dama ita ce aya. Sura unguwa ce, aya kuwa gida, kuma sai ka shiga unguwa za ka sami gidan. Sura tukuna, sannan aya. Faɗa da baki: sura tukuna, sannan aya.

Wanda idonsa ya saba da Larabci yakan faro daga dama, ya tafi Zabura 3 yana neman aya ta 56. Ba zai samu ba, domin Zabura 3 aya 8 kaɗai gare ta. Baba, in haka ta faru da kai kada ka ji kunya, ba rashin kai ba ne, sabo ne. Mayar da yatsa hagu. Hagu sura, dama aya.

Ga wani tarkon. Shidan Larabci (٦) yana kama da bakwai na boko (7), biyar na Larabci (٥) kuma yana kama da sifili (0). Shi ya sa wasu suke tsayawa a 57 suna zaton sun iso. Rubuta 5 sau goma, rubuta 6 sau goma, sannan ka haɗa su: 56. An buga lambar sura da girma, ta aya kuwa ƙarama ce a cikin layi. Nemi babbar 56 tukuna. Ka same ta? Yanzu gangara da yatsa: ƙaramar 1, ƙaramar 2, ƙaramar 3. Sa zarenka a shafin.

Cire zaren, rufe littafin, sake nema tun daga farko. Yi haka sau biyar. Masu ƙin nema da kansu suna cewa "Malam, karanta mana kawai", gaskiya wannan ba daidai ba ne. Ranar da harbi ya raba ku da malam, wa zai karanta muku? A sake: sura tukuna, sannan aya.

Darasi na 2: Karanta, ka rubuta

Abin da ayar take faɗa shi ne: sa'ad da na ji tsoro, zan dogara gare ka. Kalmomin naka littafin suna iya ɗan bambanta, domin tun fitowar cikakkiyar fassarar Hausa a 1932 an sabunta ta. Raba su gaɓa-gaɓa: tso-ro, do-ga-ra. Harafin d na "dogara" ba shi da lanƙwasa a kai. Kwafa ayar sau uku.

Rubutun da ke kan wannan Zabura ya nuna addu'ar Dawuda ce lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat. Jarumin da ya kashe Goliyat ne ya ce yana jin tsoro. Saboda haka Inna, in zuciyarki ta buga, kada wani ya ce miki ba ki da bangaskiya.

Darasi na 3: Addu'ar lokacin tsoro

In harbi ne, fara shiga ɗaki ku kwanta ƙasa nesa da taga, kai da yara. Dogara ga Allah ba tsayawa a fili ba ne. Yusufu ma mala'ika ne ya ce masa ya gudu Masar da Yesu da Maryamu, duba Matiyu 2:13. Hagu sura, dama aya.

Bayan haka faɗi ayar a hankali sau uku. Ambaci abin da kake tsoro da sunansa: "Ya Uba, ina tsoro saboda ɗana." Miƙa shi, ka ce, "Na bar shi a hannunka, cikin sunan Yesu, amin." In tsoron ya dawo, maimaita. Da safe ka gaya wa wani ɗan'uwa a ikilisiya, ku yi addu'a tare.

Darasi na 4: Aikin gida

Nemo Ishaya 41:10 da Markus 4:39. Kwafa kowace sau biyu. A zo da takarda ranar Lahadi bayan sujada.