Kurakuran da Ke Ɓata Gwajin Matiriyal Kafin Renda

Wanda ya je sayen shadda a kasuwar Wunti bai cika yarda da launin da ya gani a ƙarƙashin ƙwan shago ba, sai ya fito da ita bakin ƙofa ya duba a rana. Abin mamaki, samarin da ke zana gidaje a kwamfuta a nan Bauchi sukan mance da wannan dabara da zarar sun buɗe manhajar zane ta Blender. Mutum zai haɗa matiriyal, wato fatar da ake lulluɓa wa abu ya fito kamar tayil ko katako ko kwanon rufi, ya duba shi yau a wani haske, gobe a wani daban, sannan ya ce manhajar ce ke masa tsiya.

Tushen matsalar shi ne rashin tsayayyen ɗakin gwaji kafin renda, wato fitar da hoton ƙarshe na zanen. Ka ware fayil guda, ka kafa kyamara da haske, ka adana, kada ka ƙara taɓa su. Matiriyal kaɗai za ka riƙa sauyawa. Ba yau aka fara ba: tun 1975 Martin Newell ya zana wata butar shayi a kwamfuta a Jami'ar Utah, wadda ta zama abin gwaji ga masu irin wannan zane, a 1984 kuma aka fito da akwatin Cornell mai bango kala-kala don a ga yadda launi ke fantsama daga wannan bango zuwa wancan.

Sai zaɓen haske. Kowa na son HDRI, wato hoton kewaye da ke haska zanen, na la'asar sakaliya, domin ko buhun siminti aka ajiye a cikinsa sai ya yi kyau. Nan ne yaudarar take. Ka nemi haske marar launi, ka ajiye ƙwallo biyu a gefe: ɗaya ruwan toka mai mayar da kashi 18 cikin 100 na haske, ɗaya mai ƙyalli kamar madubi. In ruwan tokar ta koma fara fat, laifin haske ne, kada ka taɓa matiriyal. Ni nakan ƙara gwaji biyu, ranar tsaka irin ta watan Maris da hazon hunturu, tunda a cikinsu gidan zai tsaya.

Girma ma na kayar da mutane. Akwatin da Blender ke buɗewa da shi mita 2 ne, amma sai ka ga an shimfiɗa masa tayil guda ɗaya tal. In tayil ɗinka santimita 60 ne, ka auna shi haka, kuma ka danna Ctrl+A ka tabbatar da girman bayan ka ja abu.

Hoton kaushi da na tudu-da-kwari ba launi ba ne, ka mayar da saitin launinsu Non-Color, wato kada manhajar ta ɗauke su a matsayin launi, in ba haka ba katako zai yi sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Ka kuma lura cewa daga Blender 4.0 na 2023 tsarin nuna launi mai suna AgX ne ya maye gurbin na da, wato Filmic, saboda haka tsohon gwajinka da sabo ba za su yi launi ɗaya ba sai ka daidaita su.

Gwada matiriyal a kan ƙwallo kaɗai bai isa ba. Labule na buƙatar ninki, bango na buƙatar fili da kusurwa. Kuma ka rage girman hoton gwajin, don ya gama kafin a ɗauke wuta batir ya mutu.