Yadda za ku zaɓi masauki idan tafiyar cikar shekarun aurenku ta haɗa garuruwa uku

Da muka cika shekara goma da aure, maigida ya ce maimakon a yanka rago a tara dangi a gidanmu na Tumfure, mu kai yara wajen Hajiya, mu je Umara, a hanyar dawowa mu tsaya Istanbul mu huta. Tikiti bai ba mu wahala ba: Gombe zuwa Abuja, Abuja zuwa Istanbul, daga can sai Madina. Masauki ne ya hana mu barci, don ɗaki uku za a kama, aljihu kuwa ɗaya ne. Ga yadda zan bi da abin in zan sake.

Mataki na farko: rubuta lokacin sauka kafin a duba otal ko ɗaya

Ku ɗauki takarda ku jera garuruwan, kowanne da ranar shiga, ranar fita da ƙarfe nawa za ku iso. Yawancin otal ba sa ba da mabuɗi sai ƙarfe 2 ko 3 na rana, a Makka ma da yawa sai ƙarfe 4, ranar fita kuma sha biyu ta yi a bar ɗaki. In jirginku da asuba zai sauka, ko dai ku biya kuɗin daren da ya gabata, ko ku shirya zama kan kujera da akwatuna har la'asar.

Mataki na biyu: kada a raba kuɗin daidai wa daida

Nan muka ɗan ja da maigida. Shi so yake a kasa kuɗin kashi uku, kowane gari ya samu nasa. Na ce, "Abbansu, a Madina fa kwanciya kawai za ta kai mu ɗaki, me za mu yi da tauraro biyar?" Ku tambayi kanku me ya kai ku kowane gari. Madina shimfiɗaɗɗiya ce, otal-otal na Markaziyya sun kewaye masallacin Annabi (SAW), matsakaicin ɗaki mai tsafta ya wadatar. Makka ce ke cin kuɗi, kuma kusanci ake saya a can, ba kyan labule ba. Istanbul kuwa ita ce ta ango da amarya, nan ne ake son taga mai kallon ruwa da karin kumallo a natse. Ku zaɓi gari ɗaya ku yi masa bajinta, sauran biyun a yi tsimi. In tafiyar ta faɗa cikin azumi, musamman goman ƙarshe, lissafin Makka da Madina daban ne, farashi ninkawa yake.

Mataki na uku: auna nisa da ƙafa, ba da bakin ejan ba

Wannan shi ne ƙashin bayan zancen. An ce mana otal ɗinmu na Makka "minti biyar ne zuwa Harami". Ashe minti biyar ɗin a mota ne, motar kuma sai ta cika take tashi, bayan sallar isha'i sai ka ga layi kamar na gidan mai. Kwana biyu muka yi muka tattara muka koma wani.

Ku karɓi cikakken sunan otal ɗin, ku sa a Google Maps, ku zaɓi tafiyar ƙafa, ku ga minti nawa ne zuwa ƙofar masallaci. A Makka, otal ɗin da ke hasumiyar agogo ko Jabal Umar, saukowa kawai za ku yi, amma ku sani a manyan benayen nan jiran lifta lokacin sallah yakan cinye minti goma ko fiye. Titin Ibrahim Khalil da Misfala sun fi sauƙin kuɗi, tafiyar kuma ba ta da hawa sosai. Ajyad akwai kusa, amma wasu lungunanta kan tudu suke, dawowa bayan ɗawafi sai gwiwa ta faɗa maka gaskiya. Aziziyya araha ce, sai dai ba wurin mai ƙafa ba ne.

A Madina, uwargida ce ya kamata a duba. Ƙofofin mata suna ta ɓangaren arewa, don haka otal da ke arewacin masallaci zai rage mata zagaye cikin rana sau biyar a yini. Maza ba su cika tuna wannan ba.

A Istanbul, in karon farko ne, Sultanahmet ta fi: Aya Sofiya, Masallacin Sultan Ahmed da fadar Topkapi duk da ƙafa ake zuwa, tiram mai lamba T1 kuma yana ratsa unguwar har Babbar Kasuwa, wadda ba ta buɗewa ran Lahadi. Laleli ta 'yan sari ce, in kaya za ku saro to madalla, amma ba wurin hutun ma'aurata ba ce, ko'ina amalanke da dila. Taksim ba ta barci, mai son shiru ya nisance ta.

Mataki na huɗu: a duba cikin ɗakin

Ɗakunan Makka da Madina don alhazai aka tsara su, da yawa ƙananan gadaje ne uku ko huɗu a jere kamar makarantar kwana. Ku rubuta wa otal ɗin ƙarara cewa gado ɗaya babba kuke so, ku ajiye amsar da suka bayar. Ɗakin da aka ce yana kallon Harami daban, wanda ke kallon Ka'aba daban, kuɗinsu ma daban. Tsofaffin gidajen Sultanahmet da aka mayar otal, wasunsu ba lifta, matakala ce siririya. Hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu sun fi na otal gaskiya, sharhin watannin nan kuma ya fi na shekara uku baya amfani.

Mataki na biyar: biya da sokewa

Muddin biza ba ta fito ba, kada ku biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa. Wanda ake iya sokewa kyauta ya ɗan fi tsada, amma gara shi da asara. Ku gwada katinku tun kuna gida, don katin naira yakan ƙi aiki a waje ko ya zo da iyaka. Katin dala ya fi kwanciyar hankali. Kuma ku kama ɗakin Istanbul tun kafin ku shiga ƙasar: tun 2017 wata kotu ta hana kama otal ɗin Turkiyya ta Booking.com ga wanda ke cikin Turkiyya.

Mataki na shida: haɗa masauki da hanyar fita

Jirgin ƙasan Haramaini yana kai mutum Makka daga Madina cikin kusan awa biyu da rabi, amma tasharsa ta Makka a Rusaifa take, sai an ƙara da tasi, ga harami a jiki ga akwatuna. Istanbul kuma filin jirgi biyu gare ta, babban a ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya. Ku duba tikiti da kyau. Daga Sultanahmet zuwa babban filin kusan awa ɗaya ne in hanya ta yi kyau.

Ku sa a rubuta muku adireshin kowane otal da Larabci ko Turkanci a takarda. Daren da muka sauka Istanbul wayar maigida ta mutu, direban tasi ba ya jin Turanci, mu ba ma jin nasa. Takardar da na cusa cikin fasfo na miƙa masa, ya kunna fitilar mota ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ja.